Sauti Ba Ya Jiran Kowa: Sirrin Rumbun Zobe A Ɗakunan Ɗaukar Waƙa Na Kano

Daga Wakilinmu a Kano

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin ɗaukar waƙa ya san irin takaicin da ake yi idan mawaƙi ya kai tsakiyar baiti, muryarsa ta zauna daram, sai kawai a ji ƙas a cikin lasifika. Dole a koma farko, ga kuɗin awa yana tafiya, ga man janareta yana ƙonewa. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan waya ko makirufo, alhali kuwa abin da ya faru shi ne kwamfuta ta makara.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a cikin birnin Kano. Tun bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990 harkar finafinan Hausa ta soma bunƙasa, kuma a shekarun da suka biyo baya kamfanin Iyan-Tama da ke Sabon Titin Mandawari ya yi fice wajen haɗa kiɗa da fiyanon Yamaha, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai kuwa suna rarraba kaset zuwa ko'ina. Daga baya aikin ya koma cikin kwamfuta, inda manhajoji irin su Cubase ta Jamus da FL Studio ta Beljiyam suka karɓi ragama.

Ita kwamfuta ba ta san murya ba, lambobi ta sani. Takan auna sauti sau 48,000 a daƙiƙa guda, ko 44,100 kamar na faifan CD, sannan ta riƙa miƙa wa lasifika lambobin kashi-kashi. Idan kowane kashi yana ɗauke da lamba 256, to sai an kawo sabo sau 187 da ɗoriya a kowace daƙiƙa. Kashi ɗaya ya yi latti, kunne ya ji.

A cikin manhaja kuwa ayyuka da yawa ke gudana tare, kowane da nasa ma'aikaci. Wani yana karanto kiɗa daga ma'adana, wani yana zana abin da ake gani a allo, wani kuma aikinsa kawai ciyar da lasifika. Bisa al'ada, idan ma'aikata biyu za su taɓa kaya ɗaya, akan sa makulli, wanda ya riga shiga ya kulle, ɗayan ya jira. Amma idan ƙaramin ma'aikaci ya shiga ya kulle, aka kuma dakatar da shi don wani aiki, mai ciyar da lasifika ya tsaya ke nan a bakin ƙofa. Irin wannan ce ta sami kumbon Pathfinder na Amurka bayan ya sauka a duniyar Mars a watan Yuli na 1997, inda kwamfutarsa ta yi ta sake tashi da kanta har sai da injiniyoyi suka gyara ta daga nan duniya.

Maganin da masana suka samo shi ne rumbun zobe maras makulli. Don a gane shi, mai karatu ya tuna da tandar mai waina a bakin kasuwar Kurmi. Ramukan tanda a kewaye suke. A ce uwa tana zuba ƙullu rami bayan rami, 'yarta tana biye tana kwashe wadda ta gasu. In sun kai ramin ƙarshe sai su zagayo na farko. Uwa ba ta zubawa a ramin da ba a kwashe ba, 'ya kuma ba ta wuce inda uwa ta tsaya. Ba wadda ta riƙe hannun wata.

Haka rumbun yake. Gurabe ne ƙayyadaddu da aka tanada tun farko, da alama biyu: ta mai zubawa da ta mai kwashewa. Kowa tasa kaɗai yake matsarwa, ta ɗan'uwansa kuwa dubawa kawai yake yi. Sharaɗi mafi girma shi ne mai zubawa ya gama ajiye kaya tukuna kafin ya matsar da alamarsa, in ba haka ba a kwashi ɗanyen ƙullu. Akan kuma bar gurbi ɗaya fanko don a bambanta rumbun da ya cika da wanda ya ƙare. Masanin nan na Amurka, Leslie Lamport, ya nuna a 1983 cewa wannan tsari yana aiki ba tare da makulli ba, muddin mai zubawa ɗaya ne, mai kwashewa ma ɗaya.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Idan aka yawaita kayan da ke jira a rumbu, katsewa ta ragu, amma mawaƙi zai riƙa jin muryarsa a kunne bayan ya furta, har ya rikice. Idan aka taƙaita, jinkiri ya kau, amma kwamfuta mai rauni ta kasa. Shi ya sa gogaggen mai haɗa sauti yakan rage girman kashi lokacin ɗaukar murya, ya ƙara shi lokacin tace waƙa.

Abin lura ga ɗalibanmu na Jami'ar Bayero da sauran makarantu shi ne, wannan ilmi ba a kulle yake ba. Manhajojin PortAudio da JACK kyauta ne, kowa na iya buɗe rubutunsu ya karanta yadda aka gina rumbun, kuma bai wuce 'yan shafuka ba. Birnin da ya daɗe yana sayar wa Afirka ta Yamma waƙa bai kamata ya tsaya ga sayen kayan aikin wasu kaɗai ba. Ya rage ga malamai da hukumomin ilmi su haɗa ɗalibin kwamfuta da mai ɗakin waƙa, domin kowannensu yana riƙe da abin da ɗayan ke nema. Allah Ya sa mu dace.