Ƙawata Ɗakin Yara A Ƙasar Baƙunta

A ƙasar Hausa, in aka yi maganar adon ɗaki, abin da yake fara zuwa zuciyar mutum shi ne jeren amarya: tasoshi da kumbuna an jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi, ga gado mai rumfa, ga sababbin tabarmi. Yaro kuwa ba a san shi da ɗakin kansa ba. Yana kwance bayan uwarsa har a yaye shi, daga nan sai wajen kaka ko cikin 'yan'uwa, in namiji ne kuma ya tasa, sai zaure ko shago. Saboda haka Bahaushen da ya kama gidan haya a Landan, aka nuna masa wani ɗan ƙaramin ɗaki aka ce wannan na yara ne, ya gamu da abin da bai gada ba. Abin da yawancinmu mukan yi shi ne mu mai da shi wani jeren, mu cika shi da kayan kanti don baƙi su gani su yaba.

To, amma baƙo ba ya kwana a ɗakin. A shekarar 1907 wata likita 'yar ƙasar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe wani gidan renon yara a unguwar San Lorenzo, wata unguwar talakawa a birnin Rum. Cikin abubuwan da ta yi har da sa a ƙera tebura da kujeru ƙanana marasa nauyi, waɗanda yaro zai iya ɗagawa da kansa, ta kuma sauko da kantoci ƙasa inda hannunsa zai kai. Ta lura cewa yaron da ya iya ɗauko abu ba tare da ya roƙi babba ba, shi ne yake koyon mai da shi wurinsa. Wannan dabara ba ta cin kuɗi. Kafin mai karatu ya sayi kome, ya shiga ɗakin ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, ya duba abin da ɗan shekara uku yake gani. Zai tarar hotunan da ya kafa duk sun yi wa yaron sama, abin da ke daidai idonsa kuwa ƙafafun gado ne da makunnin lantarki. Sai a sauko da hoto, a kafa maratayin riga daidai kafaɗarsa, a ajiye kwando biyu ko uku a ƙasa don kayan wasa.

Wannan durƙuson kuma shi zai nuna abin da ya fi ado muhimmanci, watau haɗarin da ke ɓoye. Gidajen Ingila da yawa tsofaffi ne, kuma fentin da aka yi wa ƙofofi da tagoginsu a dā yana ɗauke da dalma. Amurka ta hana sa irin wannan fenti a gidaje a 1978, Ingila kuwa ta hana sayar da shi a 1992, amma dokar ba ta kankare wanda ya riga ya hau bango ba, yana nan a ƙarƙashin sabon. Mutanenmu ba sa bukatar dogon bayani kan gubar dalma, tun da sun ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ko kaɗan ce ta shiga jikin yaro tana taɓa ƙwaƙwalwarsa. Don haka kada a goge tsohon fenti a bushe har ya tashi ƙura. In bai ɓare ba, a shafa sabo a kansa. In yana ɓarewa, a gaya wa mai gidan haya ya kawo gwani.

Sai kuma danshi. A lokacin hunturu mukan rufe kowace taga ruf, mu shanya wanki a cikin ɗaki, tururin girki kuma yana yawo, nan da nan sai baƙar fumfuna ta tsiro a kusurwa. Na sha ganin an manna mata takardar bango mai furanni, ko an jingina mata kabad, an ce an yi gyara. Ba gyara ba ne. A watan Disamba na 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a garin Rochdale, kuma a 2022 mai binciken sanadin mutuwa ya tabbatar cewa daɗewar da ya yi yana shaƙar fumfuna a gidansu ce ta kashe shi. A bar ɗan fili tsakanin gado da bangon da ke fuskantar waje, a buɗe taga kowace safiya ko da na ɗan lokaci ne, in fumfuna ta bayyana kuma a kai ƙara a rubuce.

Kabad mai durowa, ga yaro, tsani ne. A 2016 kamfanin IKEA ya janye irinsa kimanin miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun faɗo kan yara sun hallaka su. A ɗaure shi da bango, ko da sai an nemi izinin mai gida kafin a huda. Igiyar labulen taga a naɗe ta sama, kada kuma a ajiye gado kusa da ita. Gado mai hawa biyu yana rage cunkoso, amma wanda bai kai shekara shida ba kada ya kwana a sama.

Jariri kuwa gadonsa ba ya son ado ko kaɗan: babu matashin kai, babu 'yar tsana, babu bargo mai kauri. Tun 1991 ake jan hankalin iyaye a Ingila su kwantar da jarirai rigingine, kuma yawan waɗanda ke mutuwa cikin barci ya ragu ƙwarai. Likitoci sun ce jariri ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa har wata shida, amma a nasa gadon. A nan kam kakanninmu sun riga su rabin hanya.

Batun launi ba zan daɗe a kai ba. Ruwan hoda na mata, shuɗi na maza, al'adar 'yan kasuwa ce wadda ba ta kafu ba sai wajen shekarun 1940. Fari ko ruwan madara ya fi dacewa da ƙasar da rana take faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba, kuma mai gida ba zai riƙe kuɗin ajiya a kansa ba. Launi sai ya fito daga abin da za a iya cirewa.

A nan ne nake ganin muna da arzikin da muka raina. Turmin atamfa ɗaya ya isa labule da rigar matashi. Faifai uku ko huɗu masu launi, in an rataye su, sun fi yawancin hotunan kanti kyau. A shimfiɗa tabarma a kan kafet, a jingina allo a kusurwa, a kafa taswirar Afirka a sa wa garin iyaye alama, hoton kaka kuma ya kasance daidai idon jikanta, don ranar da aka kai shi gida kada ya yi mata ƙiwa. Wasu iyaye sukan rubuta sunan kowane abu da Hausa a 'yar takarda su liƙa masa: ƙofa, taga, gado, madubi. Yaron da yake wuni cikin Turanci a makaranta yakan kwana yana kallon waɗannan kalmomi.

Yara kuma ba sa tsayawa yadda suke. Addini ya umarci a raba musu shimfiɗa in sun kai shekara goma, dokar gidaje ta Ingila ta 1985 ma daga shekara goma take ƙidaya kwanan namiji da mace a ɗaki ɗaya a matsayin cunkoso. Wanda ba shi da halin ƙarin ɗaki, sai ya tsaga wanda yake da shi da labule mai kauri ko da kantar littattafai da aka ɗaure, kowane yaro ya sami fitilarsa da akwatinsa, a kuma bar masa ɓangaren bangonsa ya liƙa abin da ya ga dama.