Sankarar Jinin Yara: Ƙwayar Gado da Hanyar Jibiya

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da umarnin kashe kanta idan ta lalace. Ƙwayoyin gado irin su TP53 da BIM ne ke zartar da umarnin, BCL-2 kuma yana hana shi. Da wannan tsari magungunan sankarar jini suke aiki: su ji wa muguwar ƙwaya rauni, ita ta ƙarasa kanta. Idan TP53 ya lalace, ko BCL-2 ya yi yawa, sai ƙwayar ta yi kunnen ƙashi.

Likitocin Jamus sun ɓullo da wani awo da ke nuna irin wannan kunnen ƙashi: a ba yaro prednisone kwana 7, a ƙirga mugayen ƙwayoyin jininsa a rana ta 8. Wanda nasa suka ƙi raguwa, a ƙara masa ƙarfin magani. Irin wannan bibiya tana cikin dalilan da suka sa sama da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara ke warkewa a ƙasashe masu arziki, alhali a ƙasashe matalauta da yawa ba a kai kashi 30 ba, a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya.

A Jibiya, tun kafin a kai ga awo ake yin asara. Zazzaɓi, ƙarancin jini da ciwon ƙashi kan sa a ɗauka maleriya ce ko sikila. Idan aka sayo dexamethasone a kemis, yaro zai warware na ɗan lokaci, cutar ta ɓuya, gwaji ya rikice.

Sai kuma hanya. Jinyar tana cin shekara 2 zuwa 3, a manyan asibitoci kamar na koyarwa a Katsina, na Aminu Kano, ko na Shika. Kuɗin mota, fargabar 'yan bindiga, da rufe iyakar Magama daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, wanda ya datse hanyar Maraɗi, kowanne ya isa ya sa a tsallake ranar allura. Duk tsallakewa dama ce ga ƙwayoyin da suka fi taurin kai su hayayyafa, kuma idan cutar ta dawo ta fi wuyar magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin yawan yaran da ke warkewa ya kai kashi 60 nan da 2030. Ba a iya sauya wa yaro ƙwayar gadonsa, amma ana iya yi masa gwajin jini da wuri, a hana sayar da magunguna irin su dexamethasone barkatai, a ɗauke wa iyaye kuɗin zirga-zirga har jinya ta kammala.