Halayen Madugun Masu Hawan Dutse

Ran 29 ga watan Mayu, 1953, mutum biyu suka taka ƙolin Dutsen Ebarest, wanda ya fi dukan duwatsun duniya tsawo, watau mita 8,849. Sunayensu Edmund Hillary, mutumin Niyu Zilan, da Tenzing Norgay, na kabilar Sherpa masu zama cikin duwatsun Himalaya. Wanda duk ya yi labarin ƙasa a makaranta ya ji sunayen nan. Amma da za a tambayi aji wane ne shugaban tafiyar, kaɗan ne za su ɗaga hannu. Sunansa John Hunt, hafsan soja ne na Ingila, shi kuwa bai taka ƙolin ba. Shi ya tsara tafiyar tun daga gida, ya raba wa kowa aikinsa, ya goya kaya har kusa da zango na ƙarshe, sa'an nan ya sauko ya bar wa waɗansu hanya. Duka suka koma gida, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Wannan labari ya shafe mu, mu da mu ke koyon aikin malanta. Ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantu, wata rana kuwa hedimasta zai kira ɗayanmu ya ce masa, "Malam, kai za ka kai 'yan Sikawut dutse ran Asabar." Daga lokacin da aka fita ƙofar makaranta, 'ya'yan mutane ashirin ko talatin suna wuyansa. Saboda haka ya kamata mu san irin halin da a ke so ga mai wannan aiki tun ranar ba ta zo ba.

Kakanninmu sun san irin wannan shugabanci. Fataken da su kan tafi Gwanja sayen goro ba su tashi sai da madugu, da jagaba mai shiga gaba yana duba hanya da zango. Ba a yabon madugu domin ya riga kowa isa. Ana yabonsa ne in ya komo da ayarinsa cif, mutum da dabba. Haka shugaban masu hawan dutse ya ke, don haka na ara masa sunan madugu.

Koyar da matasa ta hanyar hawan dutse ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. A 1951 wani Bature mai suna Alec Dickson ya buɗe makarantar Man O' War Bay a bakin teku, kusa da garin da a da a ke kira Biktoriya, yanzu kuwa Limbe, a gindin Dutsen Kamaru. Samari daga Arewa da Kudu suka riƙa haɗuwa can, suna koyon iyo, da hawan dutse, da aikin gayya cikin ƙauyuka. Da Kudancin Kamaru ya rabu da Nijeriya a 1961, sai aka ɗauke makarantar aka kawo ta Kurra a Filato, daga baya kuma aka kafa ta duwatsun Shere kusa da Jos. Daga nan ƙungiyoyin Man O' War na makarantu suka samo sunansu.

Sanin hanya da lissafin lokaci

Abu na fari, madugu ya san inda zai kai mutane. In da hali ya bi hanyar da ƙafarsa kafin ranar, ya ga inda ruwan sha ya ke, da inda santsi ya ke, da hanyar da za a sauko da sauri in wani abu ya faru. Ya iya karanta taswira, ya iya aiki da kamfas. Wayar hannu tana nuna hanya, gaskiya ne, amma batirinta ya kan ƙare, a bayan dutse kuma sau da yawa ba ta kamawa. Ya kuma je ya gai da mai gari, ya nemi izni, ya roƙi ɗan jagora daga cikin maharba ko makiyayan wurin. Su suka san kogon da ƙudan zuma su ke, da wurin da al'adarsu ta hana baƙo shiga. Matambayi ba ya ɓata.

Sa'an nan ya iya lissafin lokaci. A 1892 wani mahayin dutse na Sikotilan, William Naismith, ya fitar da wata ƙa'ida da har yanzu a ke aiki da ita. Ga ta: a ba ko wace mil 3 awa ɗaya, a kuma ƙara awa ɗaya saboda ko wane hawa na ƙafa 2,000, watau mita 600. Alal misali, in tafiyar mil 6 ce zuwa da komowa, hawan kuma ƙafa 1,000, to, awa biyu da rabi ke nan. Amma fa wannan lissafi na ƙaƙƙarfan mutum ne wanda ba ya tsayawa. Mai tafiya da yara sai ya ƙara lokacin hutawa, da na cin abinci, da na ɗaure takalmin da ya tsinke, har ma ya kusa ninka shi. A ƙasarmu rana ta kan faɗi tsakanin ƙarfe shida da bakwai, duhu kuwa ba ya jinkiri. Sai a yi sammako, a sauko da sauran rana.

Sanin sama

Abu na biyu, ya san halin iska da hadari. Ko wace mita 1,000 da mutum ya hau, zafi ya kan ragu da wajen digiri shida da rabi. Dutsen Kamaru ya ɗara mita 4,000 kaɗan. Ashe wanda ya baro bakin teku yana zufa zai tarad da sanyi a ƙoli kusa da na ƙanƙara. Ko Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ya fi duwatsun Nijeriya tsawo, mita 2,419, da duwatsun Shere masu wajen mita 1,800, suna da sanyin da zai kayar da yaron da rigarsa ta jiƙe iska kuma tana dukansa. Alamarsa ita ce makyarkyata, da tuntuɓe, da magana ba kan gado. Da ganin haka sai a tsaya a inda iska ba ta bugu, a tuɓe masa jiƙaƙƙun tufafi, a rufe shi da busassu, a ba shi abu mai ɗumi ya sha.

Da damina hadari ya fi tasowa da la'asar, tsawa kuwa ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo. In an ga walƙiya sai a fara ƙirga har a ji ƙara. Ko wace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce tsakaninku da ita. In ƙirgan bai kai talatin ba, to, hadarin ya matso, a bar ƙoli, a nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai. Kada kuma a kafa zango cikin busasshen rafi, gama ruwan da aka yi can bisa ya kan gangaro ba sallama. Da rani kuwa abokan gāba su ne ƙishirwa da gobarar daji.

Tafiya da ƙafar mai rauni

Abu na uku, ya san mutanensa. Kafin a tashi ya bincika wa ke da asma, wa ke da farfaɗiya, wa ke da ciwon sikila, wa ya tashi daga zazzaɓi kwanan nan. Ya duba takalman kowa da gorar ruwansa. Ya bar wa hedimasta takarda mai sunayen yara, da hanyar da za a bi, da lokacin da za a komo, domin in an makara a san inda za a nufa.

A kan hanya ba a tafiya da saurin ƙarfafa. Madugu ya kan sa mafi rauni kusa da gaba, ya sa mataimakinsa mai hankali a ƙarshen layi, ba wanda zai wuce na gaba, ba wanda za a bari bayan na baya. Duk inda aka huta ya ƙirga kawuna, in za a tashi ya sake ƙirgawa. Akwai wani kuskure da a kan yawaita yi: na gaba su zauna su jira, da na baya ya iso yana haki sai su miƙe. Ta haka wanda ya fi bukatar hutu shi ne ba ya samu. Hutu ba ya farawa sai na ƙarshe ya iso. Ya kuma sa ido a kan yaron da ya yi shiru. Yara suna jin kunyar cewa sun gaji, ba su faɗa sai sun faɗi.

Taimakon farko

Abu na huɗu, hannunsa ya iya taimakon farko, ba a takarda kaɗai ba. Ya iya ɗaure targaɗe, da tallafe karaya da itace, da tsai da jini. In zawo ko zafin rana ya tsotse ruwan jikin yaro, ya dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ya riƙa ba shi kaɗan kaɗan. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tam da igiya. A kwantar da shi, a cire zobe ko abin hannu, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Ya kuma koya wa kowa kiran neman taimako na masu hawan dutse: a busa usur sau shida cikin minti ɗaya, a yi shiru minti ɗaya, a sake. Da dare a yi haka da tocila. Amsarsa busa uku ce.

Sanin lokacin juyawa

Duk waɗannan ana koyonsu da karatu da gwaji. Abu na biyar shi ne mai wuya, gama da zuciyarsa mutum zai yi kokawa. Shi ne ya iya cewa, "Mu koma," alhali ga ƙoli ana hange, yara suna roƙo, shi kansa kuma yana tunanin dariyar da abokan aiki za su yi masa.

Mu koma ga Ebarest. Kwana uku kafin Hillary da Tenzing su hau, ran 26 ga Mayu, waɗansu biyu, Tom Bourdillon da Charles Evans, sun kai inda saura wajen mita 100 na hawa su taka ƙoli. Ba ɗan Adam da ya taɓa kai wannan tsawo kafinsu. Amma rana ta yi, sun gaji, na'urar iskar shaƙa ta Evans tana ba da wahala. Suka duba, suka ga in sun ci gaba da ƙyar za su komo da rai. Suka juya. Abin da suka gani a hanya suka bayyana wa na bayansu, ya kuwa taimake su.

Ga kuma abin da ya faru a duwatsun Cairngorm na Sikotilan cikin Nuwamba, 1971. 'Yan makaranta shida, masu shekara goma sha biyar, suka hau tare da wata ɗalibar koyon malanta da mataimakiyarta. An makara wajen tashi. Da guguwar dusar ƙanƙara ta taso, ba su juya ba, sai suka nufi wata 'yar bukka da ke can bisa, kamar yadda aka shirya tun farko. Ba su gan ta ba. Suka kwana biyu a fili. Yara biyar da mataimakiyar suka mutu. Ɗalibar ta ja jiki neman taimako har jirgin ceto ya hange ta, aka kuma sami yaro ɗaya da sauran numfashi. Ba rashin ƙarfin zuciya ya kashe su ba. Shirin ne ya fi ƙarfin yaran, ya kuma fi ƙarfin wadda aka danƙa wa su. Bayan haka aka rushe bukkokin nan na bisa, aka kuma tsananta dokokin kai 'yan makaranta dutse. Shekarun ɗalibar nan kamar namu ne. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dabarar da gwanaye su ke yi ita ce su yanke lokacin juyawa tun suna gida, sa'ad da hankali ya ke kwance. Madugu ya faɗa wa kowa, "Ƙarfe ɗaya in ta buga, ko ina mu ke, za mu juya." In ta buga kuwa ya cika maganarsa. Har wa yau, in an ɗora masa tafiyar da ya san ta fi ƙarfinsa, ya faɗa wa na gaba da shi da ladabi, tun ba a tashi ba.

Madugu malami ne

A ƙarshe, kada mu manta dalilin fitar. Ba domin a ɗauki hoto a ƙoli a ke kai yara dutse ba, sai domin su koyi jimiri, da taimakon juna, da dogara ga kansu. Mai koyarwa na kirki ya kan nuna ƙullin igiya sau ɗaya a hankali, ya miƙa wa yaro ya ƙulla da hannunsa, ya duba, ya gyara. Ya kan ba wannan taswira ya ja gaba na rabin awa, sa'an nan ya ba wancan, shi kuwa yana biye yana lura. Ba ya yi wa mai jin tsoro ba'a, ba ya kuma tilasta masa, sai ya tsaya kusa da shi ya nuna masa inda zai sa ƙafa. Shi ne na ƙarshe wajen cin abinci, shi ne na fari wajen tsince shara a zango. Yara sun fi koyi da abin da suka gani bisa abin da aka faɗa musu.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, wanda ya ke so ya yi wannan aiki ya fara tun yanzu. Ya shiga ajin taimakon farko, ya bi waɗanda suka riga shi sani sau da yawa kafin ya ja nasa ayari, ya fara da ƙananan tuddai na kusa da gari. Ran da ya komo da yara, iyayen da ke tsaye bakin ƙofar makaranta ba za su tambaye shi ko an kai ƙoli ba. Ko wannensu fuskar ɗansa zai nema cikin layi. Allah ya sa mu riƙa komo da su cif.