Kibod Ɗin da Ba a Taɓawa Sai Bayan An Biya Kuɗi

Duk shekara idan jami'o'i suka saki sunayen sababbin ɗalibai, cinikin laftop yakan tashi, daga Farm Centre ta Kano har Computer Village ta Ikeja, gardama ma ta tashi tare da shi: siririya ta fi ko mai kauri? Tambayoyin iyaye ba sa wuce uku. Core i nawa ce, RAM nawa, batir awa nawa yake yi. Daga nan sai a shiga ciniki. Da wuya ka ga mai saye ya ja kujera ya rubuta ko layi biyu a kan abin da zai biya dubban ɗaruruwa a kansa. In ka yi magana a ce maka, "Kibod ai kibod ne, da sabo komai zai daidaita." Wannan maganar ce take ci mini tuwo a ƙwarya, domin kibod shi ne wurin da hannun yaron zai wuni har ya gama karatu.

A ƙarƙashin kowane madanni na yawancin laftop akwai 'yan robobi biyu masu tauri da suka gitta juna, ana kiran tsarin almakashi. Aikinsu su riƙe madannin kada ya karkace idan ka danna shi ta gefe. A tsakiyarsu akwai wata roba mai laushi, mai tudu. Idan yatsa ya sauka, robar takan ɗan yi gardama, sannan ta lotse gaba ɗaya, ta taɓa shimfiɗar lantarkin da ke ƙasa, harafi ya fito. Wannan lotsewar ce take gaya wa yatsa cewa aiki ya yi, ya wuce gaba, tun ido bai kalli allo ba.

Sai kuma zurfi, wato tazarar da madanni yake nitsewa. A kibod ɗin tebur mai sifirin takan kai milimita 4. A laftop yawanci tsakanin milimita 1 ne da 2. Mutum zai ce rabin milimita har wani abu ne? Wadda ta san daka ta san amsar. Idan turmi da hatsi, taɓarya takan sauka a kan laushi, hatsin ya shanye ƙarfin. Idan hatsin ya yi kaɗan, itace ne zai bugi itace, girgizar ta biyo hannu har kafaɗa. Haka yatsa yake a kan madanni marar zurfi: kafin ya ankara ya rage ƙarfi, ya riga ya daki ƙasa. Sau ɗaya ba komai ba ne, amma mai buga kundin kammala digiri zai yi wannan dukan sau dubbai a zama guda.

Wanda yake ganin wannan tsirfar 'yan boko ce, ya dubi abin da ya sami Apple. A 2015 kamfanin ya fitar da MacBook mai inci 12, kuma don ta ƙara sirancewa ya ajiye almakashi ya kawo wani tsari mai fukafukai biyu da ya sa wa sunan malam-buɗe-littafi, zurfinsa bai kai milimita ɗaya ba. A 2016 tsarin ya shiga MacBook Pro, a 2018 ya shiga MacBook Air. Sai ƙorafi ya ɓarke. Ƙwayar ƙura ko ɓurɓushin biskit in ya shiga ƙasan madanni, ko dai ya maƙale, ko harafin ya ƙi fitowa, ko ya fito sau biyu. Har kamfanin ya wallafa shawarar a jingina kwamfutar a karkace a fesa mata iskar gwangwani. A wasu samfuran kuma kibod ɗin a haɗe yake da murfin sama da batir, madanni ɗaya kan jawo sauya ɓangare guda na ɗaruruwan daloli. A watan Yunin 2018 Apple ya buɗe gyara kyauta, a ƙarshen 2019 ya fara komawa almakashi mai zurfin milimita 1, a 2022 kuma ya amince zai biya dala miliyan 50 don kashe ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka, ba tare da ya amsa laifi ba.

Abin da ya sa labarin ya shafe mu shi ne, irin waɗannan MacBook na 2016 zuwa 2019 suna cikin na hannu da ake shigowa da su yanzu, farashinsu da sauƙi, ga kyan gani. Gyaran kyautan na shekara huɗu ne daga ranar sayen farko, wa'adinsa ya wuce. Kibod ɗin da ƙurar ofis mai na'urar sanyaya ɗaki ta gagare shi, ina ga ƙurar hunturun Sakkwato ko Damagaram?

Ba ina cewa mai zurfi ya fi ga kowa ba ne. Akwai masu sauƙin hannu da suke shafa madannai shafawa, su gajeren zurfi ya fi musu sauri. Akwai waɗanda suka koyi aiki a kan tafireta, hannunsu da nauyi, ba sa jin daɗi sai madanni ya nitse. Irin waɗannan ne suka riƙe ThinkPad tun tana hannun IBM, kafin Lenovo ya saye sashen a 2005, kuma su ne suka yi ta ƙorafi a 2012 da aka sauya tsohon kibod mai jere bakwai zuwa mai jere shida. Wani ƙarar madanni yake so, wani kuma yana rubutu da dare yara na barci a ɗaki ɗaya. Zaɓin ya bambanta, kuma babu takardar bayanin kaya da za ta zaɓa wa yatsunka. Sai an taɓa.

Akwai kuma matsalar jeren haruffa. Laftop da ta fito daga Faransa ko Beljiyam AZERTY ce, ta Jamus QWERTZ. Ɗan Maraɗi da ya saba da AZERTY zai ji ta daidai, ɗan Katsina kuwa zai nemi A ya tarar da Q. Ko tsakanin ta Ingila da ta Amurka alamar @ ba wuri ɗaya take ba. Wasu masu shago sukan liƙa sitika a kan madannan su rufe asalinsu, sitikar kuma takan binne 'yan tudun nan na kan F da J waɗanda mai bugu ba tare da kallo ba yake lalubawa.

Ina ganin ofisoshin da suke sayen laftop da yawa don raba wa ma'aikata ko makarantu sun fi kowa sakaci a nan. Takardar kwangila takan jera firosesa da RAM da girman allo, ba a tuna a kira sakatariyar da za ta wuni tana bugu ta gwada ko guda ɗaya. Gwajin kuwa minti goma ne: a buɗe shafi, a rubuta sakin layi guda da saurin da aka saba, a danna kowane madanni ta tsakiya da ta gefe, a matsa tsakiyar kibod ɗin a ga ko yana lanƙwashewa. Sannan a tambayi mai gyara, ba mai sayarwa ba, ko kibod ɗin wannan samfurin da sukurori aka ɗaure shi ko manne shi aka yi da jikin kwamfutar, da kuma nawa ne sabonsa a kasuwa.