3.4 Cire Tsofaffin Tsarukan Masarrafi daga Buɗaɗɗun Manhajojin Kwaikwayo

Manhajar kwaikwayo ita ce wadda ke sa kwamfuta ta yi aiki tamkar wata kwamfutar dabam, ko da kuwa ba a taɓa ƙera waccan ba. Masarrafi kuwa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma kowane iri yana da tsarin umarnin da yake fahimta, wato harshensa ke nan. Saboda haka, kafin manhaja ta iya kwaikwayon wani masarrafi, tilas a rubuta mata ma'anar kowane umarni nasa, da yadda yake adana bayanai, da yadda yake amsa kiran sauran sassan na'ura. Wannan rubutu shi ake cirewa idan aka ce an daina tallafa wa wani tsari.

Misalin da ya fi dacewa a nan shi ne na Alpha a cikin manhajar gem5. Kamfanin DEC na Amurka ne ya fito da Alpha a shekarar 1992, kuma a zamaninsa yana daga cikin masarrafai mafiya sauri. A 1998 kamfanin Compaq ya sayi DEC, a 2001 ya sanar da cewa zai bar Alpha ya koma ga Itanium na Intel, sannan kamfanin HP, wanda ya haɗiye Compaq a 2002, ya daina sayar da sababbin na'urorin Alpha a 2007. Amma duk da mutuwarsa a kasuwa, Alpha ya daɗe yana raye a jami'o'i. Manhajar M5 ta Jami'ar Mishigan a kansa aka fara gina ta, kuma ita ce aka haɗa da GEMS ta Jami'ar Wiskonsin a 2011 aka samar da gem5. Sai a shekarar 2020 masu kula da gem5 suka cire shi gaba ɗaya, wato shekara 13 bayan an daina sayar da na'urar.

Mai karatu zai iya tambaya, me zai hana a bar rubutun yadda yake, tun da ba ci yake yi ba, ba sha ba? Amsar ita ce, rubutun tsari ɗaya ba zaman kansa yake yi ba. Duk tsarukan da ke cikin manhajar suna amfani da ginshiƙi guda, kuma duk lokacin da aka gyara ginshiƙin nan, dole a bi kowane tsari a daidaita shi. Wanda ke son inganta ɓangaren ARM ko RISC-V sai ya tarar dole ya taɓa na Alpha, alhali bai san shi ba, ba shi kuma da na'urar gaske da zai gwada a kanta. Bugu da ƙari, manhajojin da ke fassara shirye-shirye zuwa harshen tsohon masarrafi su ma kulawar da ake ba su raguwa take yi. A hankali sai kurakurai su taru ba tare da kowa ya lura ba. Wannan kuwa ya fi cirewar haɗari, domin manhajar za ta ci gaba da fitar da alƙaluma, mai nazari ya ɗauka sahihai ne ya gina sakamakonsa a kansu.

Sai dai cirewar ita ma tana da nata lahani. An gudanar da nazarce-nazarce masu yawa a kan Alpha, kuma wanda ke son maimaita ɗaya daga cikinsu don tabbatar da shi ba zai iya yi da sabuwar gem5 ba. Abin da ke rage wannan asara shi ne kasancewar manhajar buɗaɗɗiya: tsohon rubutun yana nan a taskar tarihinta, kowa na iya ɗaukowa. Amma ɗaukowa dabam, sa shi ya yi aiki a kan kwamfutar yau dabam, domin yakan buƙaci tsofaffin kayan aikin da aka gina shi da su.

Manhajar QEMU, wadda Fabrice Bellard ya fara a 2003, ta tsara wa wannan al'amari ƙa'ida. Da farko akan sanar cewa za a cire abu, a bar shi yana aiki a fitowar da aka yi sanarwar da kuma wadda ke biye, daga nan ne ake iya cire shi. Tun da QEMU kan fito sau uku a shekara, wa'adin bai kai shekara guda ba, kuma ana iya cewa ya yi kaɗan ga ɗalibin da ke tsakiyar bincike. Ta wannan hanya aka cire lm32 da unicore32 a 2021, da kuma Nios II a 2024. Abin lura shi ne, Alpha bai shiga cikin waɗannan ba, ko da yake ya girme su duka. Wannan na nuna cewa ba shekarun masarrafi ake dubawa ba. Abin da ake dubawa shi ne ko akwai masu amfani da shi, da kuma ko akwai wanda ya ɗauki nauyin gyara shi duk lokacin da ya lalace. Haka aka yi a Linux a 2018, inda aka cire tsaruka 8 a lokaci guda, sannan Itanium, wanda aka bar Alpha dominsa, ya bi su a farkon 2024.