Yadda Nkrumah ya saka ƙwallon ƙafa cikin aikin gina Ghana

Lokacin da Ghana ta samu 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957, Kwame Nkrumah ya gaji ƙasar da kan mutanenta bai gama haɗuwa ba. A ƙasar Asante ana neman mulkin tarayya, kuma wannan takun saƙa yakan fito fili duk ranar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Asante Kotoko ta Kumasi ta haɗu da Hearts of Oak ta Accra. Nkrumah ya lura cewa jama'ar da ba za ta zauna taron siyasa ɗaya ba tana cika filin wasa ɗaya.

A 1960 ya naɗa Ohene Djan daraktan wasanni, ya sakar masa kuɗi da iko. Shekara guda bayan haka aka kafa ƙungiyar Real Republikans, aka riƙa tsamo gwanaye daga manyan ƙungiyoyi ana zuba mata, don su saba da juna kafin su sa rigar Black Stars, tawagar ƙasar. Cikinsu har da Baba Yara na Kotoko, wanda hatsarin mota ya nakasa a 1963, kuma sunansa ne babban filin wasa na Kumasi ke ɗauke da shi yau. Magoya bayan Kotoko ba su yafe wannan ƙwace ba, kuma suna da hujja.

Kwalliya dai ta biya kuɗin sabulu. A ƙarƙashin koci ɗan ƙasa, C.K. Gyamfi, Ghana ta ɗauki kofin Afirka a 1963, ta doke Sudan da ci 3 da nema a Accra, sannan ta sake ɗauka a Tunis a 1965.

A ganina babbar nasarar ma ba a fili aka same ta ba. FIFA ta ware gurbi ɗaya tal a gasar kofin duniya ta 1966 ga Afirka da Asiya da yankin Oshiniya gaba ɗaya. Djan na cikin waɗanda suka yi tsayin daka, ƙasashen Afirka suka ƙaurace wa gasar. A 1970 sai ga Afirka da gurbinta, Maroko ta je Meziko.

Sai dai an jingina ginin duka da mutum ɗaya. Da sojoji suka kifar da Nkrumah a Fabrairun 1966, Djan ya rasa kujerarsa, aka rushe Republikans. Ghana ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1968 da 1970 ta faɗi, kuma ba ta sake riƙe kofin ba sai 1978.