Harafin TS Da Sunan Garin Tsafe

Wanda ya duba takardun mulki na zamanin En'e a Lardin Sakkwato zai tarar an rubuta sunan garin nan da ke kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa da Chafe. Yau Tsafe muke rubutawa. To, ina dalili?

Da fari dai mu sani, ts harafi guda ne, ko da ya ke da baƙaƙe biyu ake rubuta shi. Turanci ba shi da wannan sauti, Larabci ma haka. Saboda haka malaman ajami suka ari ɗa mai hannu, waɗansu suka ɗora masa ɗigo uku don a bambanta. Da boko ya zo, Ɗan Hausa, watau Hans Vischer, ya fitar da ƙa'idodin rubutun Hausa a 1912. Daga baya aka yi wa ɓ da ɗ da ƙ lanƙwasa, aka mai da ch ya zama c, amma ts aka bar shi tagwaye.

Ga yadda ake furta shi. Mutum ya kai bakin harshe bayan haƙoran sama kamar zai ce s, ya toshe maƙogwaro, ya cira shi sama, sai iska ta fito da ƙarfi. Dafa maƙogwaronka ka ce soro, sa'an nan ka ce tsoro, za ka ji bambanci. Ɗan'uwan ƙ ne wajen wannan.

Amma a ƙasar Zamfara da Sakkwato da Katsina akwai kalmomin da ake furta shi kusa da c mai ƙarfi. Mutumin Bungudu in zai ambaci dutsen Kwatarkwashi, kana iya jin dutci, a kasuwar Gusau kuwa ka ji ana kukan tcada. Bargery ya shigar da irin waɗannan cikin ƙamusunsa na 1934 da tc. Wanda ya san wannan lafazi ba zai yi mamakin Chafe ba, tun da ch ne mafi kusa da shi a kunnen Bature.

Saboda haka, malamai, kada ku tsawata wa yaro don ya faɗi tcada, Hausar iyayensa ce. Ku dai koya masa a takarda tsada ake rubutawa. Akawuna kuma ku lura, in t ya faɗi, tsaya ta koma saya, umurni ya juye ke nan. Allah ya sa mu dace.